Mutanen Shali da kanisar da ta bi su gudun hijira

Wannan shi ne bayanin da muka yi a iska, mun sa shi a takarda saboda wanda tashar ba ta kama masa ba a daji, da wanda yake bayan lori a kan hanya lokacin da muke magana.

Tambayar da ta jawo shirin ita ce: mutumin da aka tayar daga gidansa sau biyu, sau uku, sau biyar, me yake riƙe shi har hankalinsa bai watse ba? Ku da kanku kun san nauyin wannan tambaya. Tun rikicin Yulin 2022 a Rusairis da Damazin, da na Wad al-Mahi a Oktoban shekarar, har zuwa faɗuwar Madani a Disambar 2023 da ta Sinja a tsakiyar 2024, da wuya ka sami gidan Bahaushe a Jazira ko Nil Azrak da bai kwana a ajin makaranta ko ƙarƙashin rakubar wani ba, ko kuma bai saukar da wanda ya gudo ba. To akwai maƙwabtanmu da suka riga mu shan wannan ruwa da shekara talatin da biyar, kuma su Kirista ne. Su za mu duba yau. Ba wa'azi muka zo yi muku ba, mafi yawanku Musulmi ne kuma kuna da malamanku. Bayani ne a kan mutanen da kuke sayar wa gishiri da sabulu, kuke ratsa gefen gonakinsu da shanu, don ku san abin da suka dogara da shi.

Su ne Uduk. Ƙasarsu tana kudu maso yamma da Kurmuk, wajen Kor Ahmar da Kor Tombak har zuwa Yabus, kuma babban garinsu shi ne Shali al-Fil. Duk makiyayin da ya taɓa gangarawa kudu da rani neman ruwa ya san yankin. Manoman dawa ne da masara da riɗi, kuma ta wajen uwa suke ƙirga dangi. Sunan da suke kiran kansu da shi shi ne 'Kwanim Pa, ma'anarsa mutanen gida. Ku riƙe wannan suna, don nan gaba za ku ga irin wasan da zamani ya yi da shi.

Yadda Kiristanci ya iso musu akwai abin mamaki a ciki, domin ta ƙasar kakanninmu ya biyo. A 1893 wasu samari uku daga Kanada da Amurka suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasar Hausa. Ƙungiyar da ta fito daga tafiyarsu ita ce Sudan Interior Mission, wadda ake taƙaitawa SIM, kuma Sudan ɗin da ke cikin sunan ba ƙasarmu ta yau ake nufi ba, tsohon suna ne na dukan faɗin ƙasar baƙaƙe daga yamma zuwa gabas, har da Kano da Sakkwato. Biyu daga cikin ukun sun mutu cikin shekara guda. Na ukun, Rowland Bingham, shi ya ci gaba, kuma daga aikin ne aka sami ikilisiyar ECWA ta Nijeriya. Daga baya suka buɗe aiki a Habasha, sai Italiya ta mamaye ƙasar ta kore su a 1937, suka tsallako wannan gefen. A 1938 suka kafa tasha a Shali, suka kafa wata a Doro, a ƙasar Maban. Lissafa da kyau: Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso bakin Nil Azrak da jama'arsa a 1906. Wato shekara talatin da 'yan kai ke nan tsakanin zuwan ayarin kakanninmu da zuwan waɗannan Turawa, dukansu daga yamma, kowa da littafinsa.

Shekaru ashirin da biyar na farko ba wani abin a zo a gani. Akwai makaranta, akwai ɗakin magani, akwai 'yan tsirarun da suka karɓi baftisma, amma yawancin Uduk suna kan al'adarsu ta gargajiya. Wata Baturiyar Ingila mai nazarin al'umma, Wendy James, ta zauna a cikinsu a shekarun 1960, daga baya kuma ta bi su sansani sansani tana rubuta abin da ya same su, har ta fitar da littafi a kan haka a 2007. Abin da ya fito a aikinta shi ne, Kiristanci bai zama addinin mafi yawansu ba sai bayan Turawan sun tafi, musamman a shekarun gudu. Wannan ya saɓa wa abin da ake yawan faɗa a majalisa, cewa addinin Bature ne, in Bature ya tafi ya tafi da abinsa.

Turawan sun tafi ne a 1964, lokacin da gwamnatin Janar Abbud ta kori masu mishan daga kudancin ƙasar. Abin da suka bari bai da yawa: Sabon Alkawari, wato sashen Littafi Mai Tsarki da ke ɗauke da Linjila, wanda aka buga da harshen Uduk a 1963, shekara guda kacal kafin korar, sai mutanen da suka iya karanta shi, sai 'yan dattawa da masu wa'azi na gida. Ikilisiyar ta ci gaba da sunan Sudan Interior Church, kuma 'yan ƙasa ne suke jan ta. Makiyayi zai gane wannan da sauri. In garke yana hannun ɗan haya, ranar da ya ajiye sanda ya tafi, ko dai shanu su watse, ko 'ya'yan gida su koyi kiwo dole. A Shali na biyun ne ya faru. Saboda haka da wuta ta zo bayan shekara ashirin da uku, ba ta tarar da mutanen da ke jiran wani ya zo daga waje ya ja musu addu'a ba.

Wutar ta zo a 1987. Yaƙin gwamnati da SPLA ya iso kudancin Nil Azrak, aka zargi Uduk da goyon bayan 'yan tawaye, kuma kasancewarsu masu kanisa ya ƙara wa zargin ƙarfi. Sojoji da mayaƙan sa-kai suka ƙone ƙauyuka, har da Shali. Jama'a suka tsallaka Habasha, aka ajiye su a sansanin Tsore kusa da Asosa. A Janairun 1990 aka kai wa Asosa hari, suka sake dawowa cikin Sudan, suka bi daji da ƙafa har suka kuma shiga Habasha ta wajen Itang a yankin Gambela. A Mayun 1991 gwamnatin Mangistu ta faɗi, sansanonin suka watse, suka gudu zuwa Nasir a bakin kogin Sobat, inda yunwa ta ci da yawa daga cikinsu. A 1992 suka sake komawa Habasha, a 1993 aka ba su wuri a Bonga. Tsallaka iyaka sau biyar ke nan cikin shekara biyar. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 aka fara mayar da su gida daga 2006. Sun share tsofaffin gonaki, sun ɗaga bukkoki, sun yi girbi 'yan kaɗan. A Satumbar 2011 faɗa ya tashi a Damazin, a Nuwamba Kurmuk ta faɗi, jirage suna zuba bam a ƙauyuka, suka sake ɗaukar yara. Wasu suka koma Habasha, dubban dubbai suka shiga Sudan ta Kudu, wadda watanninta huɗu kawai da samun 'yanci. Yaron da aka goya a baya a gudun 1987, shi ne magidancin da ya ɗauki nasa ɗan a kafaɗa a 2011. Mutanen gida ke nan.

To me kanisa ta yi musu a cikin wannan duka? Ba ta tsayar da jirgi ba, ba ta hana yunwar Nasir ba. Abin da ta ba su, a ganina, tsari ne mara nauyi, wanda ake iya ɗauka a ka tare da tukunya, a sauke shi a ƙarƙashin kowace bishiya ya ci gaba da aiki.

Ɗauki maganar kwanaki. Duk wanda ya zauna a sansani ya san ciwon da ba a cika faɗa ba, wato ranaku su rasa suna. A gida damina ce take gaya maka yaushe za ka yi shuka, kaka ta gaya maka yaushe za ka yi girbi, kasuwa ta gaya maka yau wace rana ce. Mai hawasha a Jazira yana da ranar da ruwa zai shigo masa daga tur'a. A sansani ba ko ɗaya, sai ranar rabon abinci, ita ma sai ta ga dama. Mutum ya wayi gari ba abin da ke jiransa, kuma daga nan ne giya da faɗan gida da zaman shiru suke samun ƙofa. Kanisa tana yanka wannan dogon zama gunduwa-gunduwa. Lahadi tana zuwa ko akwai abinci ko babu. Kafin ta zo akwai ranar da mawaƙa ke haɗuwa su gyara murya, akwai taron mata, akwai wanda zai share wuri, akwai wanda zai karanta. Kowa yana da ɗan aikin da in bai zo ba za a ce ina wane. Musulmi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Wanda ya yi watanni a makarantar da aka mai da masauki ya san cewa kiran salla sau biyar da Juma'a su ne suka hana ranakun narkewa su zama abu ɗaya.

Sai harshe. Ɗan gudun hijira kullum da bakin wani yake magana. A shingen soja Larabci, a ofishin sansani Turanci ko Amhara, sunansa a katin abinci ma yadda ma'aikaci ya ji shi haka ya rubuta. Wuri ɗaya da Ba'uduke zai ga harshensa a buge a takarda, ya ji ana karanta shi da ƙarfi a gaban jama'a ana girmama shi, shi ne wajen sujada. Yaran da aka haifa a Bonga ba su taɓa ganin Kor Tombak ba, amma sun tashi suna waƙa da harshen kakanninsu. Su ma Hausawa Kirista na Nijeriya sun san daɗin wannan, tun da aka buga musu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Miller na Zariya ya ja gaba. Mu kuwa ai allo da tawada da waƙoƙin ajami ne suka riƙe mana Hausa da Fillanci a bakin wannan kogi sama da shekara ɗari, a tsakiyar masu Larabci.

Abin da ke cikin littafin shi ma yana da nasa aiki, kuma a nan ya kamata mu ɗan daɗe. Littafi Mai Tsarki cike yake da mutanen da aka tayar. Akwai Ibrahim da ya bar garin ubansa. Akwai Yusufu da 'yan uwansa suka sayar wa fatake masu gangarawa Masar. Akwai Musa da jama'arsa shekara arba'in a jeji. A Linjilar Matiyu, Maryamu da mijinta sun gudu da jariri Yesu zuwa Masar cikin dare saboda sarki yana neman kashe shi. Akwai kuma wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa mutanensa da aka kwashe zuwa Babila, inda ya shawarce su kada su zauna jiran komawa gobe, su yi gini, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su nemi alherin garin da suke baƙunta. Ka duba mutumin da yake zaune a Bonga shekara ta goma, bai san ko zai koma ba, yana tunanin ko ya dasa mangwaro ko kada ya dasa. Irin wannan karatu yana ba shi izinin ya rayu a inda yake ba tare da ya ji ya ci amanar gida ba. Yana kuma cire masa wani tunani mai kashe zuciya, cewa wanda aka kora, Allah ne ya juya masa baya.

Tsakiyar bangaskiyar Kirista ita ce Yesu Almasihu ya sha wahala, ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku. A nan ne aƙidar Musulmi da ta Kirista suka rabu, kowa ya sani, kuma ba muhawara ce ta kawo mu ba. Abin da muke so ku gani shi ne yadda wannan yake aiki a zuciyar wanda ya yarda da shi. A wurinsa, wanda yake bauta wa ya san gudu, ya san ƙishirwa, ya san a kama mutum a yi masa hukuncin zalunci. Kuma mutuwa ba ita ce ƙarshen magana ba. Ku tuna fa, waɗannan mutane sun binne iyaye da jarirai a gefen hanya tsakanin Itang da Nasir, a wuraren da ba za su ƙara gani ba, ba ma za su iya nunawa ba. A tsohuwar al'adarsu akwai hidimomin da ake yi wa mamaci a gida don kurwarsa ta zauna lafiya. In babu gida fa? Sunan da Kiristocin Uduk suke kiran Allah da shi, Arumgimis, yana nuni ne da wanda yake sama, kuma sama ɗaya ce a Shali da Asosa da Nasir. Ni dai ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa addinin ya fi yaɗuwa a kan hanya fiye da yadda ya yaɗu a gida. Ba wai tsohuwar al'ada ta mutu ba ne, kiɗansu da rawarsu sun ci gaba a Bonga, wani lokaci ma har da ja-in-ja tsakanin masu rawa da dattawan kanisa.

Wani abu kuma da ɗan kasuwar da ya shiga Maban zai iya gani da idonsa: a sansanin Doro, kusa da garin Bunj, unguwanni suna ɗauke da sunayen ƙauyukan da aka baro, har akwai wadda ake kira Shali. Mutane sun zauna kusa da waɗanda suke maƙwabtaka da su a gida, kuma wurin sujada, ko da na ciyawa da leda ne, yana cikin abubuwan da ake fara ɗagawa. Nan ake ɗaura aure, nan ake kai ƙarar miji da mata, nan ake sanin gwauruwar da ba ta da mai yi mata jinka. Doro ɗin nan kuwa ita ce tsohuwar tashar mishan ta 1938, wadda jiragen Italiya suka jefa wa bam a 1940 har likitan wurin da matarsa suka mutu. Bayan shekara saba'in da ɗaya, wasu jiragen ne suka koro jikokin 'yan makarantar Shali zuwa wannan fili.

Kada kuma a ɗauka labarin waliyyai muke bayarwa. A ƙarshen 2016 an yi mummunan faɗa tsakanin 'yan gudun hijirar Doro da mutanen Maban masu masauki, alhali akwai Kirista da yawa a kowane ɓangare, kuma rikicin ƙasa da itace da abin kai wa baki yana cikin abin da ya hura shi. A 2017 da ƙungiyar SPLM ta Arewa ta rabu biyu tsakanin Malik Agar da Abdul'aziz al-Hilu, rabuwar ta sauko har cikin sansanonin Maban, aka zubar da jini tsakanin Uduk da Ingasana, mutanen da jirgi ɗaya ya koro. Fasto yana iya yin wa'azin gafara ranar Lahadi, saurayin da aka kashe wa ɗan uwa ranar Talata yana zaune a baya yana jin sa, kuma ba kullum wa'azin yake yin nasara ba. Mu ma mun ga masu salla a sahu ɗaya sun ƙone wa juna gida a 2022, don haka ba mu da bakin yi wa kowa gori.

Zaman Musulmi da Kirista a wannan iyaka ba sabon abu ba ne, kuma ba kullum Kirista ne mai gudu ba. Hijirar farko a Musulunci zuwa Habasha aka yi ta, wurin Najashi, sarki Kirista, wanda ya ƙi miƙa sahabbai ga Ƙuraishawan da suka biyo su da kyaututtuka. Soba da ke bakin Nil Azrak kusa da Khartum ta daɗe tana babban birnin daular Kirista ta Alwa kafin Funj su kafa Sinnar a 1504. A Nuwambar 2020 kuma da yaƙin Tigray ya ɓarke, mu ne muka zama masu masauki, dubban mutane suka tsallako zuwa Gadarif, aka sauke su a Um Rakuba, kuma kafin wata biyu su cika suna can suna bikin Kirsimetinsu a cikin fararen mayafai a tsakiyar tantuna.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafi aljihunku kai tsaye, domin kalandar da take riƙe waɗannan mutane ita ce kuma take juya kasuwarsu. Kiristocin iyakar nan ba rana ɗaya suke biki ba. Uduk da Maban da sauran masu bin kanisoshin mishan suna Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, kuma makonnin da ke gabanta ne ake neman atamfa da takalman yara da sukari da ɗan akuya. Mabiya kanisar Otodoks ta Habasha kuwa sai 7 ga Janairu, su kuma yi Timkat ranar 19 ga watan. Su ɗin ba sa cin nama da madara da man shanu a mafi yawan ranakun Laraba da Juma'a, kuma kafin babban bikinsu na Fasika suna azumin kwana 55 wanda mahauta da yawa suke rufe rumfa a cikinsa. Wanda ya kora shanu ko tumaki zuwa Asosa a tsakiyar azumin nan zai ga masu saye sun ragu, wanda kuwa ya daidaita isarsa da makon ƙarshe zai tarar da kowane gida yana neman abin yanka. Ranar Fasika tana canzawa kowace shekara, tana faɗowa tsakanin Afrilu da farkon Mayu, saboda haka ku tambayi abokin cinikinku na can tun kafin ku ɗaga daga mashaya. In kuma bashi za ku bi a Doro ko a wani ƙauyen Uduk, kada ku je da safiyar Lahadi. Ba za ku sami mai gida ba sai rana ta take.